Kurakuran da ke kashe bincike tun bai ƙetare iyaka ba

Babur ɗin da aka sace da asuba a Damagaram, kafin la'asar yana iya wuce Matamai, ya bi Ɗan Barto ya faɗa ƙasar Daura. Wanda ya sato daban, mai ƙetarawa daban, mai goge lamba daban. Haka masu tiramadol suke aiki, haka masu safarar mutane ta Agadas zuwa Libiya. Ikon ɗan sandanmu kuwa a bakin shinge yake tsayawa, daga nan sai da hannun maƙwabta. Abin da ke ci mini rai shi ne, sau tari wannan haɗin gwiwa a kan teburin da aka fara ɗaukar ƙara take mutuwa.

Na taɓa raka wani ƙanena kai ƙara. Yana haki yana cewa, "Ranka ya daɗe, ja ne, kujerarsa ta yage ta baya." Jami'in ya ce, "Malam, ina takardun?" Ashe suna ƙarƙashin kujerar, sun tafi tare da babur ɗin. To, rumbun bayanan Interpol, ƙungiyar ƴan sandan ƙasa da ƙasa, na ababen hawan sata da lambar shasi yake aiki, bai san jan babur ba. Yau ɗin nan ka ɗauki hoton lambar da ta inji, ka ajiye a gida. Salula kuma, danna *#06#, lambarta mai ƙwaya 15 za ta fito, ka rubuta. Mai ɗaukar bayani shi ma ya kula: cikakkiyar lambar shasi ƙwaya 17 ce, kuma babu haruffan I, O da Q a ciki. In ya ga kamar O, sifili ne.

Kuskuren da ya fi yi mana ɓarna shi ne rubutun suna. Mu nan Ousmane muke rubutawa, a Kano Usman; Mahamadou a nan, Muhammadu a can. Mutum ɗaya ya zama biyu, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Ga kuma tarin mutanen da takardunsu suka ce an haife su ran 1 ga Janairu, don ba a san ainihin ranar ba. Tsarin SIPAO na musayar bayanan ƴan sandan Afirka ta Yamma, wanda aka soma a 2012 kuma Nijar na cikin ƙasashen farko, abin da aka zuba masa kawai yake amayarwa. A rubuta sunan ta fuska biyu, a haɗa da laƙabi da sunan mahaifiya, a ɗauki zanen yatsu, don shi ba ya sauya harshe.

Sai batun kiran aboki. Jami'i ya kira takwaransa na Babura a Nijeriya, a turo hoto ta WhatsApp, a cafke mutum. Saurin yana da amfani, amma gaban alƙali lauya zai tambayi hanyar da shaidar ta biyo. Yarjejeniyar Palermo ta 2000, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da gungun masu laifi na ƙetare iyaka, ta tanadi taimakon shari'a tsakanin ƙasashe. A yi kiran, amma ranar nan a bi da takarda ta ofishin Interpol na Yamai, alƙalin bincike kuma ya aika buƙatarsa a hukumance.

Jar sanarwar Interpol ma ba sammacin kamu ba ce. Roƙo ne ga ƙasashe su nemo wanda ake nema su tsare shi, kowace ta duba dokarta.

Akwai kuma murna da wuri. An kama yaro da kwalin ƙwaya, a jera kaya a ɗauki hoto, a ce an gama. Ai ɗan aike aka kama, gobe a samo wani. Salularsa ita ce hanyar zuwa ga maigidan, amma sai ta yi ta yawo hannu-hannu ana latse-latse har shaidar ta lalace. A rufe ta cikin ambulan da hatimi, duk wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata, sannan a bi sawun kuɗin da aka turo masa tare da CENTIF, hukumar da ke bin diddigin hada-hadar kuɗin da ake zargi.