Darasi na Tara: Idan Giyar Mota Ta Ƙi Canzawa

Motar otomatik ba ta da kulocin takawa. Direba zai sa sandar giya a kan D, ya taka totur, mota ta riƙa canza giya da kanta. To wa ke cewa yanzu a bar ta ɗaya a shiga ta biyu? Wata 'yar kwamfuta ce da ba ta fi ƙaramin littafi girma ba. Kanikawa suna ce mata birenbos ɗin giya, mu kuma a wannan darasi za mu kira ta ƙwaƙwalwar giya. A takardun mota ana rubuta sunanta da haruffa uku: TCM. Kwafi haruffan nan a littafinka, domin kana iya ganin su a jikin murfin akwatin fis.

Sensa-sensa, wato ƙananan na'urorin awo, su ne ke kai mata labarin gudun injin, da gudun mota, da zafin man giya, da yadda aka taka totur. Ita kuma ta tura wuta zuwa solanoyid, wato ƙananan makullai da ke cikin giyabos masu buɗe wa mai hanya su rufe. Idan ta ga abin da bai yi mata daidai ba, sai ta kulle mota a giya guda, galibi ta biyu ko ta uku, don kada giyabos ya lalace kafin a kai gareji.

Karatu

Da daminar bara na taso daga Gombe zan je Bauchi. Ina dab da Alkaleri sai fitilar injin ta kama a dashbod. Mota ta yi nauyi, injin yana ta kuka amma gudu ya ƙi ƙaruwa. Da na tsaya na mayar da ita R, sai ta buga kamar an daki ƙofa. A hankali na lallaɓa na juyo gida.

Bakaniken farko ko bonet bai buɗe ba, ya ce birenbos ya ƙone, in kawo kuɗi a aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo wani. Raina bai kwanta ba. Washegari na kai ta wajen wani dattijon riwaya. Ya zagaya motar, ya leƙa injin, ya ce:

"Malam, yaushe aka wanke injin nan?"

"Shekaranjiya ne, Baba."

"Da injin feshi?"

"Da shi."

Bai ƙara magana ba. Ya zare soket ɗin da ke shiga giyabos, ya haska tocilan. Ƙusoshin ciki uku sun yi kore kamar gansakuka, ga ɗigon ruwa a lungu. Ya fesa maganin wanke waya, ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya bar shi a rana ya bushe. Da ya mayar, mota ta koma canza giyarta lami lafiya. Har yau ƙwaƙwalwar nan ce a motata.

Ina ba da labarin nan ne don abin yana ci mini rai. Magidanci zai sayar da tumakinsa ya sayi ƙwaƙwalwa, a ɗaura, cuta tana nan, domin tun asali ba can take ba.

Abin da ake dubawa kafin a zargi ƙwaƙwalwa

Fara da batir. Lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6 a mitar auna wuta idan mota a kashe take, in an tayar kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Wutar da ta yi ƙasa tana rikita kwamfutar mota. Duba kan batir ko ya yi farin gishiri, duba wayar at, wato wadda ke haɗa batir da jikin mota, ko ta saki. Sai fis: nemi mai rubutun TCM ko AT, ka ɗaga shi sama ka ga ko siririn ƙarfen ciki ya tsinke.

Man giya kuwa yana bukatar natsuwa. A yawancin motoci ana auna shi ne a fili madaidaici, injin ya yi ɗumi yana aiki, sanda tana kan P. Honda ta bambanta, ita sai an kashe injin. Goga sandar awo a farin ƙyalle. Man da aka fi sani ja ne idan yana da lafiya. In ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, matsalar tana cikin giyabos, sabuwar ƙwaƙwalwa ba za ta warkar da ita ba. Wasu sabbin motoci ba su da sandar awo, sai a gareji.

Daga nan sai na'urar bincike, wadda ake cewa "a sa wa mota kwamfuta". Ana jona ta a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Sunansa OBD-II, kuma motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da shi. Na'urar tana fito da lamba, kuma a nan ne karatunka zai yi maka rana. Kada ka yarda a ce maka kawai "kwamfuta ta ce birenbos ne". Ka ce, "Oga, don Allah nuna mini lambar," ka rubuta ta da hannunka.

P0700 ita ce ta fi yaudarar mutane. Abin da take nufi kawai shi ne akwai ƙorafi a ɓangaren giya, a shiga ciki a karanta sauran lambobi. P0715 da P0720 maganar sensar gudu suke yi. P0750 ta solanoyid ce. U0101 tana cewa an kasa jin muryar ƙwaƙwalwar giya, kuma fis ko tsinkakkiyar waya ko ɓarnar ɓera duk suna kawo ta. P0613 ce ke nuni da cikin ƙwaƙwalwar kanta. Ko a nan ma, riwaya na gari sai ya auna ya tabbatar wuta da at suna isa soket ɗinta kafin ya yanke hukunci.

Idan ta tabbata ta mutu

Mazauninta ya danganta da mota. A Toyota Corolla da Honda Accord da yawa, ita da ƙwaƙwalwar injin akwati ɗaya ne. A Ford Focus ta 2012 tana manne a jikin giyabos. A wasu Mercedes da Volkswagen kuwa tana can ciki tare da mai, wannan kam aikin gwani ne, kada ka taɓa.

Kashe mota, zare makulli, cire kan batir mai alamar ragewa (−), ka jira 'yan mintuna. Soket yana da ɗan makulli: danna shi sannan ka ja. Kada ka ja ta waya. Ɗauki hoton takardar da ke jikin tsohuwar da wayarka.

Lambar da ke takardar nan ita ce kome. Ƙwaƙwalwa biyu suna iya zama kamar an tsaga kara, amma harafi ɗaya ya raba su. Ko sabuwa za ka saya ko beljiyam, ajiye su gefe da gefe ka bi lambar harafi bayan harafi da yatsa. Ka sa mai shago ya rubuta lambar a rasit, da sharaɗin zai karɓa in ba ta yi ba.

Motoci da yawa ba sa karɓar baƙuwar ƙwaƙwalwa sai an yi mata saiti da kwamfuta an shigar da lambar shasi. Tambayi wannan kafin ka biya. Bayan an ɗaura an goge tsofaffin lambobin ƙorafi da na'urar bincike, fita gwaji a titin da ba cunkoso, ka taka a hankali har ta bi giyoyinta duka. In ta ɗan yi tsauri da farko kada ka tsorata, koyon motar take yi.

Aiki

Rubuta lambobin ƙorafin nan shida a kati ka ajiye a aljihun mota, kowace da ma'anarta. Sannan ka nemi izinin wani mai mota ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, ka nemo soket ɗin OBD-II, ka ƙirga ramukansa, ka zo aji da amsa ranar darasi na gaba.