Darasi na Tara: Mota Ta Yi Zafi a Cikin Gosulo

Duk mai bin hanyar Nyanya da Mararaba da safe ko da yamma ya san yadda take cunkushewa. Daga shataletalen AYA a Abuja har gadar Mararaba mota sai ta ɗan gusa, ta tsaya, ta sake ɗan gusawa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja kan wuce digiri 35, ba a rasa mota a gefen titi an ɗaga bonet, tururi na tashi. Da yawa daga cikin motocin nan lafiya lau suke gudu a buɗaɗɗen titi. Tsayuwa ce ke tona musu asiri, kuma dalilin haka shi ne darasinmu na yau.

Karanta agogon zafi

A gaban direba akwai ƙaramin agogo mai allura da haruffa biyu: C da H. Ku rubuta su a littafinku. C na nufin sanyi, H na nufin zafi. Injin mai lafiya allurarsa na zama a tsakiya ko ƙasa da tsakiya kaɗan. In ta wuce tsakiya tana nufar H, akwai matsala. Wasu motocin ba su da allura, sai wata jar alama da ke kunnuwa. In ta kunnu, ɗauke ta kamar allura ta kai H.

Me ya sa sai a tsaye?

Injin wuta yake ci, don haka dole ya yi zafi. Ruwa ne ke zagaya cikinsa yana kwasar zafin, famfon ruwa na tura shi ta tiyo zuwa lagireto. Lagireto kuwa ƙananan bututu ne birjik da siraran ƙarafa a tsakaninsu. Iska ce ke ratsa su ta ɗauke zafin, sannan ruwan ya koma injin.

To, ina iskar take fitowa? In mota na gudu a titin Kubwa, gudun kansa ke turo iska ta gaban mota, ko fanka ba ta motsa ba. In mota ta tsaya, wannan iskar ta ƙare. Sai fanka kaɗai. Kamar mai shan koko da zafi ne: in yana tafe iska na fifita masa, in ya zauna a ɗaki sai ya hura da bakinsa. Ga shi kuma a tsaye injin a hankali yake juyawa, famfon ruwa ma a hankali yake tura ruwa. Ƙari kan haka, motar gabanka na huro maka hayaƙi mai zafi, kwalta ma na dafa ka ta ƙasa.

Saboda haka ku riƙe wannan da kyau: in allura na hawa a tsaye, amma da an kama gudu sai ta sauko, fanka ce abin tuhuma na farko. Wannan ya bambanta da motar da ke zafi a kan hawa, kamar mai zuwa Jos ya isa Hawan Kibo ya ga allura ta tashi alhali yana tafiya. Irin wannan ya fi nuna lagireto ya toshe ko ruwa ya yi ƙasa.

Yawancin ƙananan motocin yanzu fankar lantarki gare su. Ba kullum take juyawa ba. Akwai wata 'yar na'ura da ke jin zafin ruwa, in ya kusa digiri 100 sai ta ba fanka umarni. Fis na iya ƙonewa, rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa fanka wuta, na iya mutuwa, waya na iya sakewa, ita na'urar na iya daina ji, ko kuma fankar kanta ta gaji tana juyawa ba ƙarfi. Fis da rile ba su da tsada. Abin takaici ne a ce injin guda ya lalace saboda abin da bai kai girman ɗan yatsa ba. Wasu bas-bas da tsofaffin motoci kuwa fambel, wato bel ɗin roba da injin ke ja, ke juya fankarsu, sai a duba ko ya saki.

In ta same ka a tsakiyar gosulo

Fara kashe esi. Abin da ke fitar da zafin esi a gaban lagireto yake zaune, don haka iskar da ke isa lagireto ta riga ta ɗumama. Sauke gilasai. In hitar motarka na aiki, kunna ta har ƙarshe. Za ka sha wuya a ciki, amma tana janye zafi daga injin. In allura ta ci gaba da hawa, kada ka ce bari in lallaɓa in kai gida. Kunna fitilun haɗari, nemi gefen titi, kashe mota. In ka ga tururi ko allura ta kai H, kada ka jira komai, kashe ta nan take.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a darasin nan. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, a Jos ma da take kan tudu kusan 96 ne. Amma murfin lagireto yana danne ruwan, har ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Da ka murɗa murfin, dannewar ta tafi, ruwan zai tafasa gaba ɗaya ya yi tsartuwa zuwa fuska da hannu. Tsumma ba ya kare mutum daga wannan. Jira aƙalla minti 30, har sai ka iya riƙe babban tiyo na sama da hannu. Kada ka bari ɗan kamasho ko wani mai taimako ya buɗe maka, ko da ya ce ya saba. Kuma kada a kwara ruwan sanyi cikin injin mai zafi, ƙarfe na iya tsagewa. A kula da hannu da bakin riga kusa da fanka, domin a wasu motocin tana iya tashi ko an kashe injin.

A gareji

Karanta wannan hirar da ƙarfi, mutum biyu-biyu.

Direba: Sannu da aiki, maigida. Motata ce ke zafi in na shiga gosulo.
Bakanike: Sannu, malam. In kana gudu fa?
Direba: Sai allura ta sauko.
Bakanike: Tana shan ruwa?
Direba: A'a, na duba da safe, yana nan yadda yake.
Bakanike: To, tayar da ita ka kunna esi, mu ga ko fanka za ta tashi.

Bakaniken nan ya yi daidai, domin ya yi tambaya kafin ya kwance komai. A motoci da yawa, da an kunna esi fanka ke tashi. In ba ta tashi ba, a duba fis da rile da fankar. In ta tashi da esi amma ba ta tashi in injin ya yi zafi, a duba na'urar jin zafi.

A garejin Apo da sauran wurare za ka ji ana cewa a cire tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Ban yarda da wannan shawara ba. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar ruwa har injin ya ɗumama, sannan ta buɗe a wajen digiri 80 zuwa 90. In ya maƙale a rufe, mota za ta yi zafi, gaskiya ne, amma maganinsa a sa sabo. Cire shi ba ya tayar da matacciyar fanka, sai dai mota ta daɗe ba ta ɗumama ba, ta ƙara shan mai.

Ƙurar hunturu na toshe siraran ƙarafan lagireto, sai a wanke su a hankali kada a lanƙwasa su. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin tsatsa da dattin gishiri a ciki, shi ya sa ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa ya fi. Amma guba ne, kuma yana da ɗan zaƙi, a ɓoye shi daga yara da dabbobi. In ka ga farin hayaƙi mai yawa a salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko ruwa na ta raguwa ba a ga inda yake ɗiga ba, mai yiwuwa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone. Wannan babban aiki ne, kada a ci gaba da tuƙa motar.

Aikin gida

Gobe da safe, kafin a tayar da mota, ɗaga bonet ka nemi farar robar ruwa da ke kusa da lagireto. Akwai kalmomi biyu a jikinta: MIN da MAX, a wasu kuma LOW da FULL. Kwafe su a littafinka, ka rubuta inda ruwan ya tsaya. Wanda ba shi da mota ya roƙi maƙwabci ko wani direba a tasha ya nuna masa. Sannan ka rubuta amsar wannan tambaya da jimla biyu: me ya sa ba a buɗe murfin lagireto da zafi?