Yadda za ka fara rubutun tunatarwa ba tare da ka ɗora wa addini abin da bai ce ba

Ba sai malami ne kaɗai ke da abin rubutawa game da zuciya da ibada ba. Wani zai dawo daga tafsiri a Masallacin Sultan Bello na Kaduna da wata aya da ta tsaya masa a rai, wata kuma jinyar mahaifiya ce ta nuna mata haƙuri ta fuskar da ba ta taɓa sani ba. Rubuta irin wannan alheri ne. Abin da ya fi ɓata shi kuwa shi ne cakuɗa maganarka da ta Allah da Manzonsa, har mai karatu ya kasa gane inda taka ta tsaya. Kusan duk abin da za mu faɗa a nan domin tsare wannan iyaka ne.

Ka fara da littafin rubutu guda biyu masu bango mai tauri, irin waɗanda ake samu a Kasuwar Sheikh Gumi ko shagunan bakin makarantu. Ka yi amfani da biro na yau da kullum, domin mai ruwan tawada yana narkewa da laimar damina. Littafi na farko na muhasaba ne, tsakaninka da Ubangijinka, babu mai gani ko da matarka ko mijinki. Na biyu shi ne na abin da wataƙila za ka nuna wa mutane. Dalilin raba su: wanda ya san za a karanta abin da yake rubutawa, alƙalaminsa yakan fara yi wa kansa ado tun bai ankara ba. Sannan akwai abin da bai kamata ya fita ba har abada. Zunubin da Allah ya rufa maka asiri a kai ba kayan rubutu ba ne, domin hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa ana yafe wa al'ummar nan sai masu bayyana laifinsu. Haka sallar dare da sadakar ɓoye, su ma a bar su a littafin farko in ma dole sai an rubuta.

Minti 15 sun isa, bayan azkar na Asuba kafin gida ya tashi, ko bayan Isha'i ga wanda ke sammakon kasuwa. Layi uku kawai za ka cike: ayar ko hadisin da ka karanta, abin da ya taɓa a rayuwarka, da aiki ɗaya da za ka yi a ranar. Ka sa kwanan wata na Hijira da na Miladiyya a sama, amma na Hijirar ka bi sanarwar fadar Sarkin Musulmi, domin wanda ke cikin waya yakan bi lissafin Saudiyya, wani lokaci a sami bambancin kwana ɗaya. Ka yi wata guda a haka ba ka nuna wa kowa komai ba. In ka waiwaya za ka ga abu biyu ko uku suna ta dawowa, ko fushi, ko bashi, ko haƙƙin iyaye. Su ne fagenka. Mai rubutu kan komai da komai yakan ƙare da kwafe maganar wasu.

In za ka kawo aya, buɗe Mus'hafi ka kwafa, kada ka dogara da hadda ko da ka sauke. Rubuta sunan sura da lambar aya, kuma ka lura da wani abu da ke rikita mutane a nan Arewa: ƙirgen ayoyi a Mus'hafin Warshu, wanda aka saba da shi a makarantun allo, ya bambanta da na Hafsu. Na Hafsu aya 6,236 ne, na Warshu 6,214. Suratul Baƙara aya 286 ce a na Hafsu, 285 a na Warshu. Saboda haka ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ka faɗa wa mai karatu wanne ne, in ba haka ba wani zai duba bai gani ba ya ce ka ƙirƙira. Lambobin da ke cikin wannan rubutu na Hafsu ne. Fassara kuma kada ka yi ta da ka. Tarjamar marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wadda aka buga a Madina, tana hannun mutane da yawa. Hausarta takan bi tsarin Larabci sau da ƙafa, wani wurin sai an natsu, to ka kwafe ta yadda take a cikin alamar zance, sannan ka yi naka bayanin a waje, a fili cewa naka ne.

Hadisi shi ne inda aka fi zamewa, kuma nan ne haɗarin ya fi girma, tunda Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi masa ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abu huɗu za ka samu kafin hadisi ya shiga rubutunka, wato lafazinsa, sahabin da ya ruwaito, littafin da ya fito, da matsayinsa. In a Buhari ko Muslim yake, hankalinka ya kwanta. In a Abu Dawuda, Tirmizi, Nasa'i ko Ibnu Majah ne, sai ka nemi hukuncin malaman hadisi a kansa, domin a cikinsu akwai sahihi, akwai hasan, akwai mai rauni. Ka rubuta sunan babi tare da lamba, saboda lambobi suna canzawa daga bugu zuwa bugu. Mai farawa ya fi samun sauƙi in ya tsaya kan Arba'una Hadisi da Riyadus Salihin na Imamun Nawawi, inda kowane hadisi ya zo da wanda ya fitar da shi.

Yawan jin magana a bakin mutane ba ya mayar da ita hadisi. "Son ƙasa yana daga cikin imani" ba hadisi ba ne, duk da ana rera shi a tarurruka. "Ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne" malaman hadisi ba su inganta shi ba. "Tsafta tana daga cikin imani" da wannan lafazi bai tabbata ba, abin da ke Sahihu Muslim shi ne tsarki rabin imani ne. Takardar nan ta wasiyyar wani Shehu Ahmad mai hidimar kabarin Annabi, wadda ke yawo tun zamanin kwafi da hannu har ta shigo WhatsApp, malamai sun daɗe da bayyana ta a matsayin ƙarya. Duk saƙon da ya ƙare da cewa ka tura wa mutum goma ko masifa ta same ka, wannan kaɗai ya isa ka ajiye shi.

Ga yadda tunatarwa ɗaya take ginuwa. A ce abin da ya tsaya maka a rai shi ne mutumin da mai shagon layinku ke bi bashin shinkafa da mai tun watanni, ya koma zagayawa ta bayan layi don kada su haɗu, alhali ya sauya waya. Ka buɗe da wannan hoton a layi huɗu ko biyar, ba suna, ba unguwa. Sai hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim, cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. A nan mai gaggawa zai tsaya, ya bar talakan da ba shi da ko sisi yana jin shi azzalumi ne. Don haka ka kawo Baƙara aya ta 280, wadda ta ce a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi, da ta 282, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni a rubuta bashi. Ka rufe da aiki guda: yau mai karatu ya rubuta duk wanda ke bin sa, ya je wa ɗaya daga ciki ko da da rabin kuɗin ne. Duka bai wuce kalma 350 ba, ana karantawa cikin minti uku. In ka ga kana shiga zancen riba ko zakka, ka yanke, wannan na wani mako ne. Ɗaya a mako ya wadatar. Masu ɗaukar alkawarin kullum a farkon Ramadan galibi kafin goman tsakiya sun koma tura na wasu.

Tunatarwa daban, fatawa daban. "Wannan aya ta sa na ji kunyar yadda nake amsa wa mahaifiyata" tunatarwa ce. "Wanda ya yi kaza aurensa ya mutu" fatawa ce, kuma sauke Ahalari da Ishmawi bai kai mutum wannan matsayi ba. Saki, gado, kaffara, halal da haram, duk ka miƙa su ga ma'abotansu. Suratun Nahli aya ta 116 ta yi kashedi a kan haka, kuma Imamu Malik da kansa an san shi da yawan cewa "ban sani ba". Haka mas'alolin da suka raba masallatai, irin su ƙabalu da sadalu ko maulidi: malamai sun yi shekaru suna kai, shafinka ɗaya ba zai kashe wutar ba, sai dai ya kore maka rabin masu karatu.

A Kaduna wannan taka tsantsan ya wuce batun ladabi. A watan Nuwamba na 2002, 'yan jimloli a wata jarida kan gasar sarauniyar kyau ta duniya suka jawo rikicin da ya ci rayukan mutum sama da 200 a garin nan. Rubutun da ka yi don 'yan ajinku na Islamiyya a Tudun Wada yana iya tsallaka gada ya isa Barnawa ko Sabon Tasha kafin Azahar, a hannun wanda bai san ka ba. Ka yi magana kan abin da ka yi imani da shi, ka bar siffanta addinin maƙwabci. Kirista mai rubutu da Hausa shi ma ƙa'idar ke nan: littafi, sura da aya daga Littafi Mai Tsarki, a nuna wa fasto kafin a raba.

Labarin mutane kuma amana ne. Rashin ambaton suna ba ya hana giba in dai dangi za su gane kishiya ko suruka ake nufi. Ko ka nemi izini, ko ka sauya sana'a da wuri da lokaci. In kuwa labarin ƙagagge ne, ka ce misali ne.

Kafin komai ya fita, ka bar shi ya kwana, ka karanta da ƙarfi da safe, sannan ka kai wa malamin da kake karatu a gabansa. A takarda za ka kai, bayan an tashi daga darasi, ba tsakanin kiran salla da iƙama ba. "Allah ya gafarta Malam, ga ɗan abin da na rubuta, a duba mini ayoyin da hadisan" ya fi "me ka gani?", domin ka nuna masa aikin da kake so ya yi. In za ka buga a waya, ka saka allon rubutun Hausa na Gboard don samun ɓ, ɗ da ƙ. Nassin Larabci kuma ka sake gwada shi da Mus'hafi bayan ka kwafa, saboda wasula sukan zube ko su sauya wuri. Takardun gwaji masu ɗauke da ayoyi kada su shiga kwandon shara, daga can hannun mai ƙosai suke ƙarewa. A ƙona su a wuri mai tsafta ko a binne.

In kuskure ya riga ya fita, ko lambar aya ce ko hadisin da aka gano bai inganta ba, ka tura gyaran ta hanyar da rubutun ya bi, ga mutanen da suka samu na farko, da jimla biyu: ga abin da na rubuta, ga daidai. Sannan ka koma littafi na biyu ka ja layi ɗaya a kan wurin da jan biro, ka rubuta gyaran da kwanan wata a gefe, kada ka yage shafin, don kada bayan shekara ka manta ka sake kwafo shi.