Yadda Nake Tsara wa Yarana Karatun Gida

Matan zumunta na coci sun sha tambayata yadda nake koyar da yara uku a gida, ga gona ga girki, a ƙauyenmu na Sumaila. Ga yadda nake yi:

1. Tun da dare ki rubuta aikin kowane yaro a littafinsa.

2. Da sassafe ku yi addu'a tare.

3. Ki karanta musu aya ɗaya daga Zabura. Ɗaya tak, auta ba zai riƙe biyar ba.

4. Ki ba su koko kafin a buɗe littafi.

5. Ki ba babbar 'yar lissafi ta tafi gindin darbejiya ta yi ita kaɗai.

Hattara: kada ki mai da ita malamar ƙannenta kullum. Na yi haka, karatunta ya ja baya.

6. Ki zauna da auta minti 15, ya ƙirga ƙwayar masara.

7. Wanda karatu ke ba wuya, ki jawo shi kusa da ke. Nawa na tsakiya yana rikita b da d. A ƙasa muke rubutawa da tsinke, ya share da tafin hannu, ya sake, har ya gaji.

Hattara: kada ki gwada shi da 'yar'uwarsa a gabansa.

8. Ki sallame su kafin rana ta take.

9. Da damina ki mayar da karatu yamma, bayan an dawo daga gona.

10. Ran Asabar ki ji haddar ayar Lahadi, kowa gwargwadon ƙarfinsa.