Yadda za ka gane irin dodon koɗin da ke hannunka

Toh abu na farko dai ka cire launi daga lissafinka. Mutane da yawa, har da masu kiwo, launi da girma kawai suke kallo sai su ce wannan "na Gana" ne, alhali iri ɗaya ma za ka same shi da launi kala-kala, kuma ƙaramin da kake rainawa wataƙila ɗan babban iri ne bai gama girma ba. Inda ake duba gaskiya shi ne ƙaho, tsinin katantanwa, bakinta, jela, sai ƙwai.

Ka samu faranti ko gilashi, ka yayyafa masa ruwa kaɗan ka ajiye shi a inuwa, ka yi haƙuri zai fito da kansa. In da rani ne za ka ga ya toshe bakin katantanwar da wani farin ɓawo mai kauri, majinarsa ce ta bushe haɗe da alli, barci yake ba mutuwa ya yi ba, kar ka fasa masa da ƙarfi, laima za ta tashe shi.

Da ya fito ka ƙirga ƙahonni. Manyan nan na tudu da muka sani huɗu suke da su, dogaye biyu a sama, gajeru biyu a ƙasa, kuma idanun suna can ƙarshen dogayen, ɗan baƙin ɗigo, in ka taɓa sai ya zuƙe su ciki. Gajerun na shinshina da laluben hanya ne. Wannan shi ya sa masana suka zuba su a rukunin da suke kira Stylommatophora. Na ruwa kuma ƙaho biyu ne, idanun a gindin ƙahon, kuma wannan bambancin ba na wasa ba ne don ƙananan na kududdufi da dam irin su Bulinus su ne tsutsar tsargiya ke girma a cikinsu kafin ta shiga jikin yara masu wanka, su kam ba na kiwo ba ne ba na wasa ba.

Sai ka leƙa gefen damansa daidai bakin katantanwa, akwai wani rami da ke buɗewa yana rufewa, ta nan yake numfashi, huhu gare shi ba irin na kifi ba, kuma duburarsa ma a nan kusa take, abin mamaki ga wanda yake nemanta a jela. Abin da yake jan ciki a kai ƙafa ce guda ɗaya, tsoka zalla, in a kan gilashi yake ka duba ta ƙasa za ka ga tsokar tana tafiya layi-layi. Bakin yana ƙasan kai, a ciki akwai harshe kamar magagari mai dubban ƙananan haƙora, ka ba shi ganyen gwanda ko kokwamba ka kasa kunne za ka ji yana kankara. Zuciya, hanta, hanji, duk suna naɗe a cikin katantanwa. Jininsa ma ba ja ba ne, shuɗi-shuɗi ne saboda tagulla ce ke ɗaukar iska a ciki maimakon ƙarfe. Kuma don Allah kar wani ya sayar maka da "mace" da tsada, kowanne ɗaya namiji ne kuma mace ne, ƙofar haihuwar tana gefen dama bayan kai, sai dai galibi biyu ke haɗuwa su yi barbara.

Yanzu katantanwa, nan ne aikin yake. Riƙe ta tsini a sama, baki yana kallonka. In bakin yana damanka to na dama ne, mafi yawa haka suke. Na hagu akwai amma ba yawa, Bulinus ɗin can na hagu ne, haka wani ƙato da ke tsibirin Sawo Tome mai suna Archachatina bicarinata. Daga nan ka shafa tsinin da yatsa, sannan ka leƙa ginshiƙin da ke gefen baki ta ciki wanda katantanwar ta naɗe a jikinsa, ka ga launinsa, ka ga ko ƙarshensa ya yanke ne ko ya zarce ya haɗe da leɓe.

In tsinin dakusasshe ne, katantanwar ta yi tumbi, leɓen ya yi kauri, kuma a kan jelar akwai tudu biyu da suka haɗu kamar harafin V, to Archachatina marginata ne, wanda ya fi yawa a kasuwannin kudancin Najeriya. Ƙwansa manya ne, kusan santimita 2, kuma kaɗan yake zubawa, da wuya su wuce goma sha wani abu a lokaci ɗaya. In kuwa tsinin ya yi tsini sosai, ga zane baƙi a kan ruwan ɗorawa, ginshiƙin ja-ja, to shi ne Achatina achatina, ainihin na Gana ke nan, ƙwansa ƙanana amma ɗaruruwa. A wannan irin ne aka samu wanda ya fi kowane na tudu girma a tarihi, an ɗauko shi a Saliyo a 1976, tsawon jikinsa daga kai zuwa jela ya kai santimita 39, nauyi giram 900. Na uku Lissachatina fulica, ɗan gabashin Afirka, siriri, ginshiƙinsa fari, ƙwai ƙanana kamar milimita 5, shi wannan ɗan ɓarna ne, a 1966 wani yaro ya shiga da guda uku Miyami ta Amurka, sai da aka kwashe kusan shekara 10 ana yaƙi da su. In shi kake kiwo ka tabbata kejinka ba kafa.

Ƙananan nan dogaye masu zane da muke gani a gonaki da lambu da damina kuwa yawanci Limicolaria ne, ginshiƙinsu bai yanke ba, ya zarce, alhali na manyan nan uku ya yanke. Da wannan kaɗai za ka raba su da 'ya'yan manya, komai abincin da ka ɗura musu ba za su zama ƙatti ba.

Batun suna kuma ba wuya. Waɗannan na tudun dukansu suna cikin babban gida Mollusca tare da octopus, dabbar nan ta teku mai hannu takwas, sai ajin Gastropoda, sai dangi Achatinidae, sannan suna mai kalma biyu, tsarin da Linnaeus ɗan Suwidin ya kafa wa dabbobi a 1758. Kalmar farko jinsi ce, da babban harafi ake fara ta, ta biyu iri, da ƙaramin harafi ko da sunan mutum ne ko gari. In ka ga sunan mutum da shekara a gaba, wanda ya fara siffanta shi ne, kamar Swainson 1821 ga marginata, in kuma an sa sunan cikin baka biyu to an canza wa dabbar kalmar farko ta sunanta daga baya. Sunayen suna motsi fa, fulica ya daɗe ana ce masa Achatina fulica kafin a raba shi, don haka in za ka bincika a intanet ka gwada duka biyun.

In har yanzu kana kokwanto ka ɗauki hoto uku da ruler a gefe, ta baki, ta baya, da ta tsini, ka rubuta garin da ka same shi da watan. Ka tabbata babba ne, don jarirai ko masana suna ruɗa su. In ka gama ka wanke hannu da sabulu sosai, majinarsu na iya ɗauke da tsutsar huhun ɓera mai taɓa ƙwaƙwalwa, wanda zai ci kuma ya dafa shi ya nuna tukuna.