Kurakuran da ɗan Zariya ke yi idan ya goya jaka ya nufi hamada

Wani ƙanena da ke karatu a Samaru ya zo gida da jakarsa a ɗaure, wai shi da abokansa za su taka rairayin Tulo-Tulowa a Yusufari ta jihar Yobe, in ta yi kyau baɗi su gwada duwatsun Azbin da ke arewacin Nijar. Na ɗaga jakar na ji ta sakayau. Na buɗe: riguna biyar, turare, lasifika, sai gorar ruwa biyu. Na ce masa, "Ƙane, wannan jakar zuwa biki ce." Ya ce, "Haba Yaya, ai za mu saya a hanya." A nan matsalar take. Wanda ya tashi a garin da ko ta ina ya juya akwai mai ruwan leda da inuwar mangwaro, ba ya lissafin ruwa sai ƙishi ya taɓa shi.

Lissafin kuwa ba wuya. Mai tafiya da kaya a cikin zafi yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda cikin awa ɗaya, kuma iskar can busasshiya ce, gumin na bushewa kafin ya jiƙa riga, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba. Ka ware aƙalla lita 6 zuwa 8 a yini, wato ledar ruwa 12 zuwa 16. Kowace lita kilo ɗaya ce a gadon bayanka, kwana uku ke nan ka goya kusan kilo 20 na ruwa zalla. Shi ya sa ake tsara zango daga rijiya zuwa rijiya, shi ya sa kuma Buzayen da ke kai ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma suke ratsawa ta garin Fashi mai ruwa, salkunansu a rataye a jikin raƙuma. Raba ruwanka cikin gorori da yawa, kada huda ɗaya ta tsiyaye maka duka. Ka riƙa kurɓa akai-akai, ka kuma duba fitsarinka: in ya yi duhu kamar shayi, ana binka bashin ruwa. Wasu kan ɓoye gora suna tattali har jiri ya kayar da su da ruwan a jaka. Alwala kuwa, addini ya sauƙaƙa: inda ruwan sha ke kan iyaka, taimama ta wadatar.

Akwai kuma masu shan ruwan su manta da gishiri. Gumi na fita da gishirin jiki, in ka yi ta ɗura ruwa tsura ba ka ci komai ba, sai ciwon kai da tashin zuciya da ɗaurewar jijiyar ƙafa. Maganin shi ne wanda uwayenmu ke haɗa wa yaro mai gudawa: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Guzuri ya zama mara nauyi mai riƙe ciki, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, cuku. Kilishi a ci kaɗan, yajinsa na kiran ruwa.

Kuskure na biyu a girma shi ne tafiyar tsakar rana. Samari na ganin jarumta ce. A tashi da asuba, a taka har hantsi ya ɗaga, a kafa inuwa da zane ko tamfol a kwanta har la'asar, sannan a ƙara. A cikin rairayi mai laushi ƙafa na nutsewa, abin da kake ci cikin awa ɗaya daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada da kewaye sai ya ci maka ninki. In abokin tafiya ya fara sambatu ko tangaɗi jikinsa ya yi zau, zafi ne ya buge shi, kuma yana kisa: a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi ta fifita, a nemi hanyar asibiti. Tuɓe riga ana tafiya cikin rana ma kuskure ne. Dubi Buzu, daga rawani har ƙafa a lulluɓe yake cikin tufa mai faɗi.

Takalmi ni ma ya taɓa cin amanata. Na sayi sabo fil a kasuwar Sabon Gari ana gobe tafiya, kafin azahar ta biyu bororo ya fashe a dugaduganna biyu, yashi ya shiga ciki, kowane taku kamar an zuba barkono. Tun ana saura wata guda ka fara sa takalmin, ka cika jakar da nauyin da za ka ɗauka, ka riƙa hawa Dutsen Kufena da ita. Ka tanadi safa ta canji da filasta, inda ya fara zafi ka manna tun bai tashi ba. Ƙarangiya ma sai ka yi haƙuri da ita.

Dare na da nasa. Muna alfahari da hunturun Zariya, amma a Disamba da Janairu sanyin hamada kan kusa daskarar da ruwa, don haka bargo ya fi rigunan nan biyar amfani. Kada a kwana a cikin busasshiyar ƙorama don yashinta da laushi. Ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa yana iya gangarowa cikin dare. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, kunama na son ɗuminsa.

Waya kuma ba jagora ba ce. Sabis na ɗaukewa, zafi na cinye batir, iska na share sawu cikin ɗan lokaci. A ɗauki ɗan gari da ya san rijiyoyin, a gaya wa na gida ranar dawowa, a kuma tambayi hukuma halin tsaro kafin a tashi, musamman a arewacin Nijar. Ƙanen nawa dai ya ajiye lasifikar, ya tafi neman jarkoki.