Idan aka ɗora maka kula da shara mai guba a jami'a

Kada ka fara da rubuta takardar neman kuɗin gina sito. Nemi littafi mai kauri, da alƙalamin da ruwa ba ya goge rubutunsa, da safar hannu, da tabarau, ka bi ɗakunan gwaji ɗaya bayan ɗaya. Ni ma'aikacin ɗakin gwajin sinadarai ne a wata jami'a nan Bauchi, kuma wannan aikin ƙari aka yi mini a kan nawa. Abin da zan faɗa maka shi ne yadda nake yinsa da kayan da ke hannu, ba yadda ake yi a Turai ba.

Zagayen farko ba a sashen kemistiri kaɗai yake ƙarewa ba. Shiga sashen nazarin halittu, inda ake jiƙa kwaɗi da macizai a cikin fomalin. Shiga gonar gwaji ka ga ragowar maganin ƙwari da na ciyawa. Leƙa asibitin makaranta, sannan gidan janareta da garejin motoci, domin baƙin mai da matattun batura da dogayen ƙwayayen fitila masu zaiba duk naka ne. Durƙusa ka duba ƙarƙashin wurin wanke hannu da can ƙuryar kabad. Duk abin da ka gani ka rubuta: mene ne, yawansa, a cikin me yake, a wane ɗaki, wa ya san shi. Ka tafi da ma'aikacin da ya fi kowa daɗewa a sashen. Sau da yawa idan na ce, "Malam, wannan fa ta wace ce?" sai ya juya kwalbar da ido kawai ya ce ta wani malami ce da ya yi ritaya tuntuni, kuma ya tuna aikin da aka yi da ita. Wannan sanin ba ya cikin kowane fayil.

A wannan zagayen ido ne ke aiki, ba hanci ba. Ba a shinshina kwalba, ba a girgiza ta. Biyu kuwa ko taɓa murfinsu kada ka yi. Ta farko tsohuwar kwalbar asid ɗin fikirik: ana ajiye shi ne a jiƙe, idan ya bushe ya zama rawayan gari a bakin murfi, murɗa murfin kaɗai na iya sa shi fashewa. Ta biyu tsohon sinadarin eta da ya shekara a buɗe, musamman idan ka hango wani farin abu kamar gishiri a wuyan kwalbar ko a gindinta, don shi ma yana iya fashewa. Kulle ɗakin, rubuta gargaɗi a ƙofa, sanar da shugaban sashe a rubuce, a nemo ƙwararru.

Babban abokin gabarka a wannan aiki kwalbar da ba ta da suna. Wadda ka san abin da ke cikinta, komai muninsa, akwai yadda za a yi da ita. Wadda ba ka sani ba sai ka ɗauke ta a matsayin mafi haɗari, kamfanin kwashewa ma ko dai ya ƙi karɓa ko ya tsawwala kuɗi. Kuma yawancinsu 'yan ajin ƙarshe ne ke barin su. Lokacin aikin bincike kowa na haɗa nasa a gorar ruwan sha, ya rubuta "A" da "B" da biro, ya kare aikinsa gaban malamai, ya tafi bautar ƙasa. Bayan wata shida rubutun ya koɗe, mai shi yana Ebonyi. Maganin da na ga ya yi aiki ɗaya ne: a sa hannunka cikin takardar sallamar ɗalibi. Ba ka sa hannu sai ya kai ka teburinsa, ya miƙa maka kowace kwalba da cikakken sunan abin da ke ciki, da ƙarfinsa, da ranar da aka fara zubawa, da sunansa da na malamin da ya duba shi. Za a kawo maka roƙo, har daga manya. Ka amsa da ladabi, ka ce, "Ranka ya daɗe, minti goma ne kawai, bari mu je tare." Galibi a nan maganar take ƙarewa.

Sai rarrabewa, kuma a teburin gwaji ake yinta, ba a sito ba. Asid jarkarsa daban, sinadarai masu kaifin soda tasu daban. Masu kama wuta irin su asiton da itanol da metanol wuri guda, amma kulorofom da danginsa masu kulorin kada su shiga cikinsu, don ƙona su na bukatar wuta mai zafin da ya fi na sauran, kofi ɗaya kuma ya isa ya mayar da jarka guda mai tsadar zubarwa. Ruwan da ke da dalma ko zaiba ko kuromiyom shi ma nasa daban. Haɗuwa uku nake sa ɗalibai su haddace: asid ɗin naitirik da itanol ko asiton a rufaffiyar kwalba fashewa ce, bilic da asid na fitar da iskar kulorin, sayanaid da asid na fitar da iskar da ke kisa cikin mintuna. Idan ka yi shakka, kowane sinadari na da takardar bayani da ake kira SDS, mai sashe 16. Sashe na 10 zai gaya maka abin da ba ya shiri da shi, na 13 kuma yadda ake zubar da shi.

Asid mai rauni wanda babu ƙarfe mai guba a cikinsa kana iya kashe kaifinsa da kanka. Zuba asid ɗin cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba, ka riƙa barbaɗa sodiyom bayikabonet har kumfa ta daina tashi, ka gwada da takardar awon kaifin asid (pH) ka ga ya tsaya tsakanin 6 da 9, sannan ya bi bututu. Sauran kuwa ba sa bin bututu. Bututun ɗakunanmu sokawe yake zuwa, sokawe kuma ƙasa take tsotsewa, maƙwabtan makaranta kuwa rijiya da burtsatse suke sha. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba ya bukatar dogon wa'azi a kan wannan.

Zafin garinmu ma abin lissafi ne. Eta na tafasa a digiri 35, mu kuwa a watan Maris da Afrilu muna kai 40. Kwantena ta ƙarfe da aka ajiye a rana ba sito ba ce, ko da an yi mata fenti an rataya kwaɗo. Nemi ɗakin bulo mai inuwa da tagogin iska sama da ƙasa, daɓen siminti, nesa da janareta da ɗakin kwanan ɗalibai. Kada a cika jarka ta wuce kashi uku cikin huɗu, a bar wa tururi wuri. Kowace jarka ta zauna cikin baho na roba, idan ta yoyo ya tare. Manya a ƙasa, ba bisa kanta ba. Bokitin yashi da abin kashe gobara a bakin ƙofa daga waje, makulli kuma a hannun mutum biyu kacal.

Ma'aunin zafi mai zaiba zai fashe, ko ba yau ba. Fitar da mutane, buɗe tagogi, kashe fanka. Tsintsiya haramun ce a nan, don farfasa zaibar take yi ta watsa ta. Mai zoben gwal ta cire, zaiba na cin gwal. Haska tocila a kwance bisa daɓe, ƙwayoyin za su yi ƙyalli har waɗanda suka shige tsagar siminti. Tattara su da kati biyu, zuƙe da sirinji marar allura, zuba a kwalba mai murfi, barbaɗa garin farar wuta a wurin, sannan a kwashe shi ma a rufe a rubuta.

Na asibiti da na ɗakin ƙwayoyin cuta ya fi sauƙin tsari. Allura da reza cikin akwatin kwali mai rawaya, ba a mayar wa allura hularta. Farantan da aka shuka ƙwayoyin cuta a dafa su a tukunyar tururi a digiri 121 na rabin awa kafin su fita ɗakin. Idan babu wuta su jira a rufe, kada a ce a kai bola kawai.

Mutanen da suka fi kowa shiga haɗari ba sa cikin taron da za ka kira. Masu shara ne, da 'yan gwangwan da ke zagaya bola. Zauna da masu sharar ka yi musu bayani da Hausa, ka nuna musu alamomin haɗari na jikin kwalabe, masu jan layi a kewaye: ƙoƙon kai, harshen wuta, hannun da ruwa ke ci. Wani dattijo cikinsu ya taɓa roƙona wata shuɗiyar jarka, wai zai riƙa ɗebo ruwa. Na ce, "Baba, wannan ko an wanke ta da omo ba ta ruwan sha ba ce," na saya masa sabuwa a kasuwar Wunti. Tun daga nan duk jarkar da ta ƙare sai a ɗauraye ta sau uku, ruwan ɗaurayar ya shiga jarkar shara, sannan a huda gindinta da wuƙa. Jarka mai kyau idan ta fita ƙofar makaranta, gobe man gyaɗa ne a cikinta.

Fitar da sharar daga makaranta shi ne inda doka ta fi tsanani. Bayan da aka jibge dubban durorin guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988, gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 42 a shekarar, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai cutarwa ba bisa ƙa'ida ba. Yau hukumar kare muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, ita ce ke sa ido a matakin tarayya, a jihar Bauchi kuma akwai hukumar kare muhalli ta BASEPA. Abin da ke fitar da tururin nukiliya kuwa na hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa ne, wato NNRA, ba naka ba, kira su za ka yi. Kafin ka ba ɗan kwangila ko jarka ɗaya, ka ga takardar izininsa, ka tabbatar da ita a ofishin hukumar, ka tambaye shi takamaiman wurin da zai kai da abin da za a yi da kayan a can. Ku ƙirga tare, ku sa hannu a takarda biyu, kuma ka roƙi ofishin kuɗi kada su biya cikon kuɗinsa sai ya kawo shaidar wurin da ya karɓa. Wanda farashinsa ya yi araha fiye da kima, ka bi motarsa a baya ka ga inda za ta tsaya.